Sai da ta ga labari sannan ta karanta shi

Ita ce ta uku a cikin 'ya'yana, kuma da jinta aka haife ta. Wannan kam ba na shakka, don tana jaririya ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura. Ta fara gwaranci ke nan, tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, sanƙarau ya kama ta. Zazzaɓi mai zafi, amai, wuya ya sandare, sai suma. Muka kwanta asibiti, Allah ya sa da sauran kwananta a gaba, aka sallame mu muka dawo gida muna ta hamdala. Babu wanda ya ce mu kai ta gwajin ji. Ashe duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo ya kamata a duba kunnensa ba da ɓata lokaci ba, domin cutar takan kai can cikin kunne ta lalata 'yan ƙwayoyin da ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya, wani lokaci ma wurin ya daskare ya koma ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan miliyan 34 ne ke fama da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na abin da ke kawo ta ga yara ana iya kare shi: ƙyanda, hangum, sanƙarau, ciwon kunnen da aka bari ya daɗe yana ruwa, matsalolin haihuwa. Ina faɗin wannan tun da wuri ne saboda masu jarirai, kada su yi wasa da rigakafi.

Mamanta ce ta fara lura. Gwarancin ya ɗauke, a kira ta ba ta waiwayo. 'Yan uwa suka ce jinya ce ba ta gama sakinta ba, wasu suka ce miskilanci ne kawai. Wata rana da yamma na dawo daga aiki, mamanta ta tare ni tun daga ƙofa ta ce, "Baban yara, zo ka ga wani abu." Yarinyar na zaune ta ba mu baya tana wasa da takalmi. Ta ɗauki faranti ta sake shi a ƙasa dab da bayanta. Ni da na san za a yi sai da gabana ya faɗi, ita ko gezau. Gwajin da aka yi daga baya ya tabbatar kunnuwan biyu duk sun tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba a na hagu.

Wanda ya duba ta ya ba mu shawara da kyakkyawar niyya, na yarda. Ya ce a sa mata na'urar ji, a riƙa yi mata magana ana fuskantarta, kuma ya ja mana kunne kada mu kuskura mu saba mata da maganar hannu, wai idan ta samu sauƙi a hannu ba za ta taɓa motsa harshe ba. Muka bi. Sai dai karatun leɓe ba abin da mutane ke zato ba ne. Ka tsaya gaban madubi ka ce "Baba" ba tare da murya ba, sannan ka ce "Mama". Abu ɗaya za ka gani. Sautuka irin su k da g da ƙ kuwa can cikin baki ake yin su, ido bai kai wurin ba sam. Babba da ya daɗe yana ji kafin ya kurmance yana iya cike giɓi da abin da ya riga ya sani. Yarinyar da ba ta riga ta mallaki kalmomi ba, da me za ta cike?

Ita da kanta ta ƙirƙiro ishara, mu kuma muna karɓa a sace kamar masu laifi. Idan ta shafa haɓa, ni ke nan, saboda gemu. Idan ta kama fatar kunne, mamanta. Ruwa, barci, a ɗauke ta, a ba ta: duk akwai. Amma wannan ishara iyakarta abin da ke gaban ido. Babu jiya a cikinta, babu gobe, babu "saboda". Lokacin da mamanta ta tafi asibiti haihuwar ƙaninta na ga iyakar abin. Ta farka ba ta ga uwa ba. Ta duba ɗaki, ta duba bayan ƙofa, ta zo ta kama fatar kunnenta tana kallona. Na nuna mata hanya, na yi alamar jariri, na yi duk abin da na iya. Ba ni da hanyar ce mata "za ta dawo". Ta zauna a bakin ƙofa tana kuka har muryarta ta dushe, ta ƙi cin komai, duk wanda ya matso ta kai masa cizo. Mutane suka fara cewa yarinyar akwai zuciya. Babu wata zuciya. Duk wanda aka toshe wa hanyar tambaya haka zai yi.

Da daddare kuma mamansu kan ba yayyenta labari kafin barci. Ita ma takan shigo cikinsu ta zauna, idonta na yawo daga baki zuwa baki. Idan suka yi dariya sai ta yi, amma a makare, bayan kowa ya gama.

Tana dab da cika shekara huɗu wata ma'aikaciyar jinya ta ce mana akwai wurin da kurame manya ke tara yara a ƙarshen mako. Mamanta ta matsa, na bi su ba don ina sa ran komai ba. Ɗaki ne mai haske, yara sun yi rabin da'ira don kowa ya ga kowa, a gabansu wata dattijuwa da aka haifa kurma. Malama muke ce mata har yau. Ta kunna fitila ta kashe sau biyu, duk idanu suka dawo kanta, sai ta fara.

Labarin kaza da shaho ne, kuma ni da ban san alama ko ɗaya ba na gane shi daga farko har ƙarshe. Ta zama kaza: ta karkata kai, tana kallon ƙasa da ido ɗaya, tana tono. Ta ajiye 'yan tsaki a iska ɗaya bayan ɗaya, uku a damanta, na huɗun can gefen hagu ya yi nisa da uwa. Sai ta juya kafaɗa kaɗan, fuskarta ta canza gaba ɗaya, gira ta haɗe, ido ya ƙanƙance, hannun dama ya tashi sama yana shawagi. Ta koma kaza, ta ga inuwa, ta buɗe fiffike, 'yan tsaki uku suka shige. Ta rufe. Ta tsaya cak, ba ta ci gaba ba, tana kallon yaran. Sai kawai na ga 'yata ta miƙe, ta ratsa tsakiyar yara, ta ja rigar Malama, ta miƙa yatsa tana nuna gefen hagu, daidai inda aka ajiye ɗan tsako na huɗu. Babu komai a wurin sai iska. Amma ta riƙe cewa yana nan, ta san abin da ke shirin faruwa da shi, kuma tana so a yi wani abu a kai. Mamanta ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa sai na fita waje na ɗan tsaya.

Bayan an tashi Malama ta jawo takarda. Ta rubuta, "Shekararta nawa?" Na rubuta. Ta sake rubutawa, "Wane yare take da shi?" Na riƙe biro ban rubuta komai ba. Ta karɓa ta rubuta, "Malam, kunnenta ne ya samu matsala, kanta lafiya lau. Ku ba ta yare tun yanzu, lokaci yana tafiya."

Daga baya na bi diddigin maganarta, na ga haka take. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, wato yawancinsu a gidan da babu mai iya yarensu suke buɗe ido. 'Yan kaɗan da aka haifa a gidan kurame kuwa ba sa makara a komai. A 1991 wata mai bincike a Kanada, Laura-Ann Petitto, ta nuna cewa jariran kurame da iyayensu ke yi musu maganar hannu suna gwaranci da yatsu, suna maimaita motsi ɗaya a kai a kai, a daidai watannin da jarirai masu ji ke "bababa". Ƙwaƙwalwa ba ruwanta da ta inda yare ya shigo, ita dai ya shigo da wuri, a shekarun farko. Shawarar da aka ba mu ta hana hannu ma tana da tsohon tarihi. A 1880 aka yi babban taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, kusan duk masu ji ne, suka yanke cewa a koyar da baki kawai. Aka kori maganar hannu daga azuzuwa a ƙasashe da yawa, malamai kurame suka rasa aiki. Sai a 2010, a taron da aka yi a Vancouver ta Kanada, aka fito fili aka yi watsi da wannan hukunci. Shekara 130 ke nan, kuma har yau ɓurɓushinsa na fita daga bakin mutanen kirki a ɗakunan gwaji.

Malama ce ta fara ba ni labarin Andrew Foster, da alfahari kamar kakanta ne. Baƙar fata ne ɗan Amurka, sanƙarau ɗin nan dai shi ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Ya yi karatu a Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washington, ya zo Afirka ya buɗe makarantarsa ta farko a Ghana a 1957. Kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Shi ya sa a makarantun kurame da dama na nahiyar za ka tarar alamomi da haruffan yatsu sun yi kama da na Amurka, alhali kurame na da nasu yaren na asali da suke yi a tsakaninsu tun kafin zuwansa. Maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya, sun haura 300, kowace da nahawunta.

Muka shiga koyo gida guda. Yayyenta suka wuce mu fintinkau cikin ɗan lokaci, mamanta na biye, ni ne kurar baya. Hannun ba shi ne wahalata ba, fuska ce. A wannan yare gira ita ke yin tambaya, kumatu ke nuna girma ko ƙanƙanta, karkata jiki ke nuna wa ke magana. Magidanci da gemunsa a ce ya kumbura kumatu ya zare ido a gaban 'ya'yansa, abin da nauyi. Malama ta rubuta mini wata rana, "Hannunka na magana, fuskarka na barci." Yaran suka yi ta dariya har da faɗuwa. Daga ranar na ajiye girman kai a bakin ƙofa.

Malama ce kuma ta zo har gida ta nuna mana yadda ake karanta wa yaro kurma littafi, don ba kamar na mai ji ba ne ko kaɗan. Mai ji za ka ɗora shi a cinya, idonsa a kan hoto, kunnensa a bakinka, duka a lokaci guda. Kurma ido kaɗai ne ke masa aikin biyu. Idan tana kallon shafi, duk abin da hannunka ya faɗa ya tafi a banza. Dole ka bar ta ta ƙoshi da hoton, ka jira ta ɗago, ko ka taɓa kafaɗarta a hankali, sannan ka yi magana. Littafin kuma ba a riƙe shi, tunda hannu biyu na da aiki, sai a jingina shi da matashi yana fuskantarta, kai kana gefe inda za ta ga shafi da fuskarka ba tare da juya wuya sosai ba. Fitila ta haska gabanka, kada ta kasance a bayanka ka zama inuwa. Wani lokaci a kan shafin ake yin alamar: idan tsuntsu ne sai yatsunka su tashi daga kan hotonsa. Wani lokaci a jikinta: idan ruwan sama ne sai yatsu su sauko mata a ka. Karon farko ba a bin rubutu kalma bayan kalma, labarin ake bayarwa gaba ɗaya da cikakken yare, har da abin da marubuci ya bari a ɓoye, kamar dalilin da ya sa wane ya ji tsoro. Sai an maimaita, an sake maimaitawa, sannan a riƙa matsowa kusa da abin da ke rubuce. Na yi zaton dabarun Malama ne ita kaɗai. Ashe a Gallaudet an zauna an lura da yadda iyaye da malamai kurame ke karanta wa yara, wani malami mai suna David Schleper ya tattara ƙa'idoji 15 daga ciki, kuma kusan duk abin da ta nuna mana yana nan. Ita ba ta karanto su a ko'ina ba, rayuwa ce ta koya mata.

Kafin wannan mun sha zaunar da yarinyar tana kwafar haruffa, kuma rubutunta ya fi na yayyenta kyau. Sai dai ɗinki ne da allura ba zare: hannu na ta kai da komo, babu abin da ke kamawa. Yaro mai ji idan ya haɗa haruffa ya furta, sai ya ji kalmar da ya riga ya sani. Ita ba ta da wannan gadar, dole a gina mata wata. Malama kan nuna hoto, ta yi alamarsa, ta jera haruffan sunan da yatsu, ta ɗora yatsa kan kalmar a rubuce, ta sake komawa alamar. Haka muka riƙa yi, muka liƙa takardu a ƙofa, taga, kujera, madubi.

Wata rana yayanta na aikin gida, tana leƙen littafinsa, shafi ne cike da rubutu babu hoto ko ɗaya. Sai ta dafe shafin da tafin hannu ta hana shi juyawa. Ta ɗora yatsa kan wata kalma, ta ɗaga hannun dama sama tana shawagi da shi. Shaho. Ta juya shafin baya, ta juya gaba, tana neman hotonsa, babu. Ta dube ni da gira a ɗage: ina yake? Na ce mata babu hoto, kalmar ce kawai, amma shi ne. Ta yi shiru tana kallon haruffan nan biyar. Daga ranar babu takardar da ta tsira a gidan, farauta take yi.

Yaren da ya buɗe mata littafi shi ya buɗe mana ita. Tana da shekara biyar da wani abu, muna zaune, ba gaira ba dalili ta ɗauko zancen. Ta nuna ƙaninta, ta yi alamar da can, yana ƙarami sosai. Ta ce, "Mama ta tafi, ni na zauna a ƙofa." Ta ce, "Na ɗauka ta tafi ke nan, ba za ta dawo ba, kuma na ɗauka ni na yi laifi." Abin yana cikinta duk tsawon wannan lokaci, sai da ta samu inda za ta zuba shi. Mamanta ta zauna ta ba ta labarin ranar tun daga farko, da hannu, har da abin da ya sa aka fita cikin dare ba a tashe ta ba.

Ba na so a ɗauka daga nan komai ya miƙe. Rubutu yare na biyu ne a wurinta, yaren da ba ta taɓa jin sa sosai ba. Manyan kalmomi ba sa ba ta wuya, ƙananan ne ke kayar da ita: ya da ta, ne da ce, ya tafi da yana tafiya. Takan rubuta "kaza shaho gani, gudu", domin a hannu wuri da fuska ne ke ɗauke da sauran bayanin. Wani malami da ta taɓa zama ajinsa ya cika mata littafi da jan biro, ya aiko cewa kanta ba ya ja. Yarinyar da ke iya ba da labari mai mutum huɗu ba ta rikita wa ya ce me ba! Abin da ya yi mana aiki shi ne ajiye yarukan biyu gefe da gefe: ga yadda hannu ke faɗa, ga yadda takarda ke so, babu wanda ya fi wani, kowanne da dokarsa. Da littattafan gida suka ƙare sai muka koma yin namu. A ɗauki hotunan abin da ya faru yau da waya, ta ba da labarin da hannu, ni in rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin kowane hoto, gobe ita ta karanta mana. Yanzu ita ke rubuta layin, ni gyara kawai nake yi, shi ma sai an yi gardama. Mun kuma ɗauki Malama bidiyo tana ba da labarai, muna tura wa iyayen da ke nesa.

Na'urar ji tana nan tana sawa, kuma ba ni da faɗa da ita. Da ita take jin ƙahon mota da ƙarar ƙofa, tana kuma furta kalmomi da dama waɗanda 'yan gida ke ganewa. Abin lura shi ne furucin ma sai bayan ta samu maganar hannu ya ƙaru, domin a lokacin ne ta san me ake so ta faɗa. Wanda Allah ya hore wa aikin dashen na'ura a kunne ya yi wa ɗansa, ban hana ba. Amma na'ura ana cire ta wajen wanka da barci, batir na mutuwa, tana lalacewa, kuma babu likitan da zai rantse maka tun farko iya abin da yaronka zai ji da ita. Ban ga hikimar a bar yaro shekara biyu ko uku babu yare ana jiran a ga ko za ta yi aiki ba, alhali ga wanda zai shiga ta ido yau ɗin nan.

Abin da ke gabanmu yanzu makaranta ce. Wadda take zuwa tana kusa da gida, amma ita kaɗai ce kurma a ajin, malamar kuma alamominta ba su wuce na gaisuwa da tsawatarwa ba. Akwai ta kurame zalla, da malamai masu iya yaren, sai dai da nisa, dole kwana. Ni na karkata ga ta biyun, kuma abin da ya faru a Nikaraguwa na cikin abin da ya ja ni. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara tara yara kurame a makaranta a Managua, babban birnin ƙasar, ana koya musu karatun leɓe ba tare da wata nasarar kirki ba. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suka haɗa isharar da kowa ya zo da ita daga gida, ƙananan da suka biyo baya suka ɗora mata ƙa'ida, har ta zama cikakken yare da ake yi a ƙasar yau. Abin da yara kurame ke ba junansu, ni da mamanta ba za mu iya ba ta shi ba ko mun kwana muna koyo. Na ga yadda take idan ta haɗu da sa'o'inta wajen Malama, hannunta har wani sauri yake ƙarawa, ni ban ma iya bin zancen.

Mun tambaye ta. Ta zaunar da mu ta jero dalilanta a kan yatsu: tana son abokai da za ta yi faɗa da su su shirya ba tare da tafinta ba, tana son malamin da za ta yi wa tambaya ya gane, amma sharaɗinta a bar mata waya a ƙarshen mako don ta riƙa ba ƙaninta labari ta bidiyo, tunda a cewarta ni ina ɓata ƙarshen labari da gaggawa. Mamanta dai har yanzu ba ta amsa ba. Ta ce a bari a ga ƙarshen zangon nan, kuma sai ta je da kanta ta ga ɗakin kwanan da wadda ke kula da yaran.